Kofin Wa Ake Nufi? Lacca a kan Awon Ruwa a Ɗakin Girki

 



Maudu'in da aka ɗora mini shi ne yadda ake juya ma'aunin ruwa, da madara, da mai, da duk wani abu mai zuba, daga wani lissafi zuwa wani, domin amfanin girkin yau da kullum. Ina neman afuwa tun daga farko, domin ni malamin lissafi ne, kuma a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka fara tuƙa tuwo tun ba a haife ni ba, waɗanda idan suka dubi tukunya kallo ɗaya sun san ruwan da take bukata. Ban zo in koya wa irin waɗannan girki ba. Abin da ya kawo ni shi ne wata mas'ala da ta shigo gidajenmu tare da rubutaccen girki, wato na littattafai, da na bayan kwali, da wanda 'ya'yanmu ke kallo a waya, inda za a ce wa mace ta zuba kofi biyu na madara, alhali a kwandonta akwai kofi iri biyar, babu biyu da suka yi daidai da juna. Kofin wa ake nufi? A kan wannan tambaya zan gina maganata, cikin mas'aloli shida, wasu dogaye wasu gajeru.

Mas'ala ta farko: awo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kada wata ta ɗauka ilmi ne da Turawa suka zo da shi. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wadda da wuya a sami makarantar zaure a ƙasar nan da ba a karanta ta, ya san cewa tun a babin tsarki malam ya ambaci mudun da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yake alwala da shi, da sa'in da yake wanka da shi, ya kuma bayyana cewa sa'i mudu huɗu ne. Ku lura, ruwa aka auna a nan, da ma'aunin da muke fitar da zakkar kono da shi duk ƙarshen azumi. Kuma Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, da gargaɗi ga masu tauye mudu, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu, alaihissalam, ya yi wa wa'azi a kan wannan laifi. Saboda haka ne ma a manyan biranen Musulunci na da, duba ma'aunan kasuwa yana cikin aikin muhtasibi.

A ɗakin girki kuwa, kakanninmu suna da ludayi, da ƙoƙo, da moɗa, da ƙwarya, daga baya aka sami kwalba, da gwangwanin madara, da garwar kananzir da 'yan ga-ruwa suka gada. Waɗannan duka ma'aunai ne na gaskiya, sai dai amfaninsu ya tsaya a cikin gida ɗaya, domin 'yar da ta koyi dama kunu a hannun uwarta, da ludayin uwar ta koya, da idonta ta ga kaurin da ake so. Matsala ba ta tasowa sai ranar da aka ce a rubuta, a aika wa wadda ba ta taɓa ganin wannan ludayi ba.

Mas'ala ta biyu, kuma ita ce ginshiƙin laccar: duk wadda take son ta juya awo ba tare da ruɗewa ba, to ta zaɓi ma'auni guda ta mayar da kome gare shi, kamar yadda ɗan canji a Wapa ba ya canza sefa kai tsaye zuwa riyal a cikin kansa sai ya fara sanin darajar kowanne a naira. Ma'aunin da ya cancanci wannan matsayi shi ne lita da ɓangarorinta. Faransawa suka kafa ta da doka a shekarar 1795, bayan juyin juya halinsu, lokacin da suka gaji da yadda kowane gari yake da nasa awo, kuma hikimar tsarin ita ce an gina shi a kan goma-goma, ta yadda yaron da ya iya ƙirga ya iya lissafinsa. Lita ɗaya santilita 100 ce, kuma mililita 1,000 ce. Ke nan santilita ɗaya mililita 10 ce. Idan kin ga an rubuta 50cl a jikin ledar ruwa, ƙara sifiri ɗaya kawai, ya zama mililita 500, wato rabin lita. Robar ruwa mai 75cl mililita 750 ce, wato rubu'i uku na lita. Kwalbar lemo mai 35cl mililita 350 ce. Akwai kuma wata ni'ima da ke tattare da wannan tsari, wadda za mu koma gare ta nan gaba: lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, don haka mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga mu sabawa da lita, tunda a ƙarƙashin Faransa suka zauna, mu kuwa a nan galan muka sani har cikin shekarun 1970, lokacin da Nijeriya ta koma wannan tsari, kusan zamanin da aka bar fam da sule aka kama naira a 1973. Wasu daga cikin iyayena da ke nan sun shaida wannan sauyi da idonsu.

Mas'ala ta uku ita ce mafi tsawo, domin a nan ne akasarin ɓarna take aukuwa. Ingila da Amurka suna amfani da sunaye iri ɗaya, galan da kwat da fayint da oza, amma abin da ke cikin sunayen ya bambanta, kuma dalilin tarihi ne. A farkon ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Anne, Ingila tana da galan fiye da ɗaya, kowanne da irin hajar da ake aunawa da shi, kuma ɗaya daga cikinsu Amurkawa suka riƙe, suka ci gaba da shi bayan sun ɓalle a 1776. Su kuma Ingilishi, a shekarar 1824, suka yi doka suka soke tsofaffin, suka kafa sabon galan guda wanda aka ƙaddara shi da abin da ruwa mai nauyin laba goma zai cika. Tun daga ranar hanya ta rabu. Galan na Ingila, wanda mu muka gada, lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79 ne. Garwar da na ambata ɗazu galan huɗu na Ingila take ci, wato ɗan sama da lita 18. Ita kuwa robar da ake kira galan a kasuwanninmu yau, wata lita huɗu ce, wata biyar, don haka a karanta jikinta kafin a yi ciniki.

To, me ya sha wa uwargida kai da galan, tunda ba da shi take miya ba? Abin da ya shafe ta shi ne 'ya'yansa. Fayint sumuni ne na galan, wato kashi ɗaya cikin takwas, ga waɗanda suka karanta rabon gado. Fayint na Ingila mililita 568 ne, na Amurka 473. Bambancin mililita 95 ne, kusan santilita goma a kan kowane fayint, ta yadda idan littafi ya ce fayint uku na madara, wadda ta bi Ingila za ta zuba mililita 1,704, wadda ta bi Amurka 1,419, tsakaninsu akwai fiye da kofi guda cur. Shin kek ɗin waɗannan mata biyu zai fito iri ɗaya? Ina! Ɗaya za ta ce littafin ƙarya ne, ɗaya ta ce tanda ce ta cuce ta, alhali lissafi ne bai daidaita ba. Abin mamaki kuma, ozar ruwa ta Amurka ta ɗan fi ta Ingila girma, 29.6 da 28.4, amma fayint ɗinsu oza 16 ne, na Ingila kuwa 20. A aikin gida dai, ki ɗauki oza a matsayin mililita 30, ba za ki yi nisa da gaskiya ba.

Yanzu ga kofin. Yawancin girkin da ake aunawa da kofi daga Amurka ya fito, inda wata malamar girki ta birnin Boston, Fannie Farmer, ta yi fice da littafin da ta fitar a 1896, wanda a cikinsa ta dage a kan a auna kome da kofi da cokali a shafe, ba tozo. Kofin Amurka rabin fayint ɗinsu ne, mililita 237, akan cike shi zuwa 240 don sauƙin lissafi. Rabinsa 120, sulusinsa 80, rubu'insa 60. Kofin da ake amfani da shi a Ostareliya da wasu ƙasashen da suka bi tsarin lita mililita 250 ne, wato rubu'in lita daidai, kuma huɗu suke cika lita. Kofin Japan 200 ne. Ɗan kofin roba da ke zuwa a cikin tukunyar lantarki ta dafa shinkafa kuwa, galibi 180 ne, domin tsohon ma'aunin shinkafa na Japan aka bi wajen yin sa, kuma layukan ruwa da aka zana a cikin tukunyar da shi aka lissafa su. Wadda ta ɓatar da shi ta maye gurbinsa da kofin shayi, kada ta zargi tukunya idan shinkafa ta fito da gari a ciki.

Wata za ta ce, Malam, tsakanin 237 da 250 ai mililita 13 ne kacal, bai kai cikin babban cokali ba. Gaskiya ne, kuma a girkin mutum huɗu ban ce a damu da shi ba. Amma ranar suna ko biki, da za a ninka girki har kofi ashirin, wannan ɗan bambanci ya zama mililita 260, kofi guda ya ƙaru ko ya ragu ba tare da kowa ya gani ba.

Cokula sun fi sauƙi. Ƙaramin cokali na awo, wanda ake kira cokalin shayi, mililita 5 ne. Babba mililita 15. Uku na ƙarami su ne babba ɗaya, kuma babba 16 su ne kofin Amurka. Ostareliya ce kaɗai ta fita daban a nan, babban cokalinta mililita 20 ne. Sai dai a kula, cokalin awo daban, cokalin da muke shan shayi da shi a gida daban, domin maƙeran cokula ba su yi wa kowa alkawarin mililita biyar ba.

Mas'ala ta huɗu gajeriya ce amma tana da haɗari: cika daban, nauyi daban. Daidaituwar da na ambata tsakanin mililita da giram ta ruwa ce, sai madarar shanu da ta kusa da shi ƙwarai. Man gyaɗa ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa yake tasowa saman miya. Litarsa kusan giram 920 ce. Zuma ta fi ruwa nauyi nesa, litarta wajen kilo ɗaya da giram 400. Gwangwanin madarar ruwa da muka daɗe muna awo da shi, wanda aka saba rubuta giram 170 a jikinsa, wannan adadi nauyi ne. Abin da yake ci na ruwa wajen mililita 160 ne, wato kusan sulusi biyu na kofi, kuma kamfanoni kan sauya girman gwangwani daga lokaci zuwa lokaci. Haka nan oza iri biyu ce a littattafan Turawa, ta nauyi da ta ruwa, kuma marubuta ba kullum suke fayyacewa ba. Ƙa'ida a nan ita ce: idan abin mai zuba ne, ozar ruwa ake nufi, idan fulawa ce ko sukari ko bota, ta nauyi ce, wajen giram 28.

Mas'ala ta biyar: ta yaya uwargida za ta yi aiki da wannan duka, alhali ba ta da kwanon awo mai lambobi? Shawarata ita ce ta ware yini ɗaya ta auna kayan ɗakinta, sau ɗaya, ta huta. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ta ɗauki ledar ruwa mai 50cl ta juye a kofin da ta fi amfani da shi: idan ta cika shi sau biyu daidai, kofin 250 ne, idan ta cika shi sau biyu da rabi, 200 ne, idan sau ɗaya da saura mai yawa, babban kofi ne, wajen 300 ko 350, irin wanda maigida yake shan shayi da shi, kuma bai dace da awo ba sai an yi masa alama. Wadda take da sikelin kicin ta fi kowa sauƙi: ta ɗora kofi, ta mayar da lamba sifiri, ta cika shi da ruwa, giram ɗin da ya nuna shi ne mililitarsa. Cokula kuma, sabon sirinji marar allura mai 5ml ko 10ml daga kantin magani ya isa ya bayyana gaskiyarsu. Ludayi ma haka: ta ƙirga ludayi nawa ne suke cika rabin lita, idan biyar ne, to kowanne mililita 100 ne. Sannan ta sami roba mai haske ta zana mata layi a 250, da 500, da 750, ta rubuta sauran a takarda ta manna a bayan ƙofar kicin.

Akwai wasu ladubba na awo da ya kamata a haɗa da wannan. A ajiye ma'auni a kan abu shimfiɗaɗɗe, a sunkuya a duba layin daidai da ido, domin mai kallo daga sama kullum ganinsa yana yaudararsa. Manja idan ya daskare da hunturu a ɗumama shi kafin a auna. Zuma kuma a shafa wa cokali ɗan mai tukuna, sai ta sulale gaba ɗaya ba ta bar rabinta a jiki ba. A kasuwa kuwa, kwalbar man gyaɗa ba duka ba ce 75cl, kuma kumfar da ke wuyan kwalba ba mai ba ce. Mai saye ya duba, mai sayarwa kuma ya tuna da surar da muka ambata.

Amma ga wani abu da nake so a riƙe, domin yana kawar da rabin wahalar. Girki da yawa nisba yake bukata, ba adadi ba. Idan an ce shinkafa kofi ɗaya ruwa kofi biyu, ko gero kaza ruwa kaza, kuma duk abin da ke cikin girkin da kofi aka auna shi, to kowane kofi kika ɗauka ya yi, muddin shi kaɗai kika yi amfani da shi daga farko har ƙarshe. Abin da zai canza shi ne yawan abincin, ɗanɗanonsa yana nan. Inda nisba take karyewa shi ne wurin da aka gauraya kofi da abin da ba kofi ba, kamar a ce madara kofi ɗaya, ƙwai uku, yis ƙaramin cokali biyu, fulawa giram 500. Ƙwai ba ya girma don kofinki ya girma. A irin wannan wuri ne wajibi a san kofin marubucin, kuma hanyar ganewa ita ce a duba sauran littafin: wanda ya yi maganar kofi da oza da laba, ya kuma ba da zafin tanda da lamba kamar 350, Ba'amurke ne; wanda ya yi maganar giram da mililita, zafin tandarsa 180, tsarin lita yake bi.

Mas'ala ta shida, kuma ta ƙarshe: ina ne ya kamata a tsananta, ina ne ya kamata a sassauta? A ra'ayina, miyar kuka, da taushe, da farfesu, da zoɓo, da kunun aya, a bar su ga harshe da ido, kuma wadda ta tsaya auna ruwan miya da sirinji ta ɗora wa kanta wahalar da ba a ɗora mata ba. Ko a shinkafa ma lissafi yana da iyaka, domin shinkafar gida da ta kanti ba su sha ruwa ɗaya, sabuwa da tsohuwa haka, kuma idan aka ninka shinkafa sau biyar ba a ninka ruwa sau biyar cif, saboda tururin da ke fita ya danganta da faɗin bakin tukunya da tsawon lokacin dahuwa, ba da yawan abin da ke ciki ba. Fulawa ma takan fi shan ruwa da hunturu fiye da damina, don haka gwanayen fanke da cincin suke rage ɗan ruwa a gefe, su riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har hannu ya gamsu. Kek da burodi kuwa, da duk abin da bekin foda ko yis zai tashe shi a cikin tanda, ba sa yafe kuskure, domin da zarar an rufe tanda ba sauran gyara.

Sai wurare uku da awo ya wuce maganar daɗin baki ya zama maganar rai, kuma duk a ɗakin girki ake haɗa su. Na ɗaya ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa: abin da hukumomin lafiya na duniya suka koyar shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu ta 50cl, da sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, idan kuma na ƙunshi ne daga asibiti, a zuba shi cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, domin gishiri idan ya yi yawa cutarwa yake. Na biyu madarar gwangwani ta jarirai, wadda ba a ƙara mata ruwa don ta yi auki, ba a kuma rage don yaro ya yi ƙiba. Abin da aka rubuta a gwangwanin shi za a bi, da ɗan cokalin da ya zo a cikinsa. Na uku maganin ruwa: idan likita ya ce mililita biyar, a auna da murfin awo ko sirinjin da ya zo da maganin, a bar cokalin shayi ga shayi.

Hajiya shugabar taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.  An tanadi ruwa da kofuna da sikeli a kan wancan tebur, duk wadda ta zo da kofinta ko ludayinta tana iya matsowa mu auna shi tare bayan an tashi. Kafin nan, wadda take da tambaya ko gyara, bismillah, ta ɗaga hannu a miƙa mata lasifika.